Buhun da Aka Tambaya Sau Biyu

Ranar Talata da safe muka je rijiya da tulunanmu muka tarar da turke, babu sa. Igiyar ba tsinkewa ta yi ba, kwance ta aka yi da hannu, har aka naɗe ta aka rataye a reshen aduwa.

Wanda ba ɗan Damargu ba sai ya ce ai sa ɗaya ne ya ɓata. Rijiyarmu ta Tudun Aduwa gaba arba'in da biyu ce, hannun mutum ba ya jawo ruwanta. Goje ke ja, baƙin sa mai farin goshi, shi kaɗai ya rage mana bayan farin da ya share garkunan ƙasar shekara biyu kafin nan. Na gari ne duka, kowane gida da ranar da yake kai masa dusa. Ran nan mu mata goma sha biyu muka kama igiya, ga bazara. Kafin azahar tafin hannunmu ya saɓule, wasaki shida muka fitar.

Ni ce Kulu. A lokacin ni ke haɗa maganin miki a garin, na mutum da na dabba, man shanu da garin bagaruwa da wani abu na uku da ba zan gaya muku ba. Ko alif ban sani ba, amma hancina bai taɓa yi mini ƙarya ba.

Kafin rana ta take gari ya gama shari'a, an ce Yahuza ne. Yahuza mahauci, ɗan ƙanwata mai rasuwa, ni na goye shi, ga shi da mata da ƴaƴa huɗu amma baki bai girma ba. Juma'ar da ta wuce ya dafa ƙugun Goje a bakin rijiya ya ce, "Wannan ya tsufa, a yanka shi tun yana da nama, kar ya mutu mushe." Mutum ashirin suka ji. Ranar Talata mutum ɗari biyu suka tuna.

Maigari ya aika aka kira Manzo mai bin sawu. Taubashina ne, dogo, busasshe, shekara talatin yana bin sawun dabbobin da suka ɓata daga Tarka har Falanko. Ya zagaya turken sau biyu, ya kama hanyar arewa. Na ɗaure zane na bi shi.

"Ina za ki, tsohuwa?"

"Zan riƙe maka sanda, makaho."

"Ki taka mini sawu ɗaya, in sayar da ke a kasuwar Belbeji."

"Wa zai saya a hannunka?"

Bai yi dariya ba, ni ma ban yi ba. Bayanmu samari ne wajen goma da sanduna.

Sawun a fili yake. Mutum ɗaya a gaba da takalmin taya, irin na kowa, Goje a baya yana tafiyarsa ba gardama.

"Ya san mutumin," in ji Manzo.

"Ya san kowa. Duk wanda ya ba shi dusa ubansa ne."

Sawun ya nufi rugar Jika, wani Bafillace da ya sauka kusa da mu da ƴan shanunsa bakwai. Samarin suka fara gyara riƙon sanda. Jika ya fito ya tsaya, ya dube su, ya dubi Manzo.

"Baba Manzo, lafiya da rakiya haka?"

"San rijiya muke nema."

"Ga shanuna, ku ƙirga."

Manzo bai dubi shanu ba, ƙafar Jika ya duba. Takalmin fata ne mai faɗi. Ya ce, "Ka ji wani abu jiya?"

"Ban ji ba. Amma tun hantsi angulu ke sauka a ƙoramar gabas. In ni na ɗauki sa, Baba, da ransa zan tafi da shi. Mu ba mu tara ma angulu abinci."

Manzo ya juya ga samarin ya ce su koma gida, mata na jan ruwa da hannu su kuma suna yawo da sanda. Suka koma, ba don sun so ba.

A ƙoramar muka same shi, abin da ya rage. Kai da kofato an turbuɗe su a yashi, ga kayan tumbi a zube. Wanda ya yi aikin ya zaɓi wuri, don nan ne burtalin da dabbobin garuruwa uku ke bi zuwa mashaya. Shanu, jakuna, raƙuma, duk sun bi ta kai da safe sun tattake komai. Sai ƙarƙashin wata magarya mai ƙaya inda dabba ba ta shiga. Nan Manzo ya tsuguna ya daɗe.

"Zo ki gani, Kulu. Ke jinin mahauta ce. Yaya Yahuza ke yanka sa?"

"Ya ɗaure ƙafa huɗu, ya kayar da shi a gefe, wuya gabas. Ya fara fiɗa ta ciki."

"To duba." Ya nuna mini rami biyu ƙanana, da wani babba a bayansu. "Gwiwa, gwiwa, ƙirji. Wannan ba a kayar da shi ba, naɗe masa ƙafafun gaba aka yi aka gurfanar da shi. Ga jini nan gaba, ba gefe ba. Aka tsaga fata ta gadon baya, ta baje hagu da dama, aka tara nama a kanta."

"Wa ke fiɗa ta baya?"

"Mai raƙumi. Haka ake yi ma raƙumi, kuma hannun da ya saba ba ya tsayawa tambaya."

Masu raƙumi uku ne a garinmu. Idi, Ila, da Dodo ƙanen Maigari.

Da la'asar muka iso gida da wannan labari, muka tarar an riga mu. An bincika gidaje, an zaro buhu daga cikin dangar Yahuza ta waje, jiƙe da jini ya bushe. Buhun jar dawar taimako ne, wanda ba gidan da babu irinsa.

Laraba jandarmomi suka zo daga Tanut. Yahuza ya rantse buhun ba nasa ba ne, ya ce shi akuya ya yanka ran Lahadi, in an ga jini a gidansa na akuya ne. Kwamandansu ya ce to, akwai likitan dabbobi a Tanut da ke gane jinin sa da na akuya, za a kai masa. Manzo ya matsa ya faɗi maganar gwiwa da fiɗa ta baya. Kwamanda ya saurara har ƙarshe, mutum ne mai ladabi.

"Baba, ɗauko mini ramin gwiwar in kai ma alƙali."

Suka sa Yahuza a bayan mota. Matarsa Balki ta zauna a ƙasa inda take tsaye.

Alhamis Manzo ya zagaya masu raƙuma, ina biye. Idi ya ce nasa na Agadas da ɗansa tun watan jiya, kuma kowa ya san haka. Ila ya kai mu har garke da kansa, ya ɗaga mana ƙafar tsohon raƙuminsa ɗaya ɗaya, yana ta faɗin yadda Goje ya taɓa fitar da shi kunya ran sunan ɗansa. Ya cika magana, har na fara zarginsa.

Dodo ya shimfiɗa mana tabarma ya sa aka dafa shayi. Raƙumarsa na gurfane bayan zana, fara, Ƴar Fara yake ce mata. Ya fi kula da ita bisa matarsa, wannan ba gulma ba ce, matar ke faɗi. Na leƙa na gan ta da sirdi, ƙarƙashin sirdin bargo mai kauri ya sauko har ciki. A bazara.

"Malam Dodo, ba ka sauke mata kaya ta sha iska?" in ji Manzo.

"Tafiya zan yi Ollelewa."

"Yau?"

"In Allah ya so. Ko gobe." Ya miƙo kofi. "Abin Yahuza bai yi daɗi ba, Inna Kulu. Yunwa ce ke sa mutane haka."

Na ce haka ne. Na shanye shayin, don ba laifin shayi ba ne.

A hanya na tuna. Lahadi, kwana biyu kafin Goje ya ɓata, Asibi matar Dodo ta zo mini neman maganin miki, wai maigida ya ji ciwo a ƙafa. Na ɗebo mata cokali, ta ce in cika ludayi. Ludayi guda ai ya shafe mutum daga kai har ƙafa. Kuma ga Dodo yana tafiya masallaci garau.

Na gaya ma Manzo. Ya ce, "In na ɗaga bargon na ga miki, sai me? Raƙumi da miki ba laifi ba ne. Ƙanen Maigari ne, Kulu. In za ki nuna shi da yatsa, ki tabbata akwai abin da ya haɗa shi da buhun nan."

Juma'a saƙo ya zo. Jinin sa ne. Litinin da safe za a sa Yahuza a motar Damagaram, kurkuku.

Asabar tun da asuba muka hau jakuna, ni da Manzo, muka isa Tanut bayan azahar. Ta tagar ɗakin da aka kulle shi na ga Yahuza. Kwana uku kawai, ya zama kamar ba shi ba.

"Inna, in sun tafi da ni, ki ce ma Balki ta kai yara gidan ubanta. Ba wanda zai ba su ruwa a rijiyar nan."

"Rufe bakinka. Shi ya kawo ka nan."

Na miƙa masa fura, muka nemi ofishin likitan dabbobi. Sunansa Ibrahim, ɗan Damagaram, mutum mai tabarau da sanyin magana. Ɗakin ƙarami, da firji mai aiki da kananzir yana ta huci a lungu. Ya ba ni kujera, na ƙi, na ce ya nuna mini wanda ya ba da shaida a kan ɗana.

Ya ɗauko wani ɗan faranti na gilashi. A ciki akwai abu kamar romon ƙafar sa da ya kwana ya daskare. An huda ramuka a jikinsa, ɗaya a tsakiya, shida a kewaye, kamar za a yi dara. Tsakanin na tsakiya da ɗaya daga cikin shidan akwai wani farin zare siriri.

"Inna, a cikin jini akwai abin da muke kira furotin. Kowace dabba da irin nata. Na jiƙa ƙyallen buhun na zuba ruwan a ramin tsakiya. Wannan ramin kuma na ɗiga masa ruwan jinin zomo da aka sabar masa da furotin na sa, ya san shi duk inda ya gan shi. Su biyun suna tafiya a hankali cikin abin nan. In suka haɗu ya gane shi, sai zaren ya fito."

"Zomo ne shaidar."

"Kusan haka."

"Sauran ramuka biyar fa? Su wa ke zama ciki?"

"Akwai na akuya, na tunkiya, na jaki, na raƙumi, na mutum."

"Me suka ce?"

"Ban zuba musu komai ba. An tambaye ni na sa ne ko ba na sa ba. Kwalaben daga nesa suke zuwa, Inna, ɗigo ɗigo muke amfani da su."

"Wato ka tara shaidu shida a zaure, ka tambayi ɗaya, ka sallami biyar."

Manzo ya yi tari. Ibrahim ya cire tabarau ya goge.

Na ce ya kawo buhun. Yana nan wurinsa, an yanke ƙyalle ɗaya daga gindi, inda jinin naman ya taru. Na juya shi. Ta waje, wajen sama, akwai wani tabo dabam, faɗin tafin hannu, gefensa rawaya-rawaya da maiƙo. Na kai hanci. Man shanu, bagaruwa, da na uku.

"Wannan maganina ne. Nama ba ya shafa magani, ɗana. Wannan jinin daga waje ya shigo, daga jikin abin da ya ɗauki kayan."

Ya karɓa ya duba a hasken taga. Ya buɗe firji ya fito da wata ƴar kwalba, abin da ke ciki bai kai hawayen ido ɗaya ba.

"Na raƙumi ke nan, duka. Firjin nan ya mutu kwana biyu a watan jiya, ban san ko yana da rai ba. Kuma zaren na iya ɗaukar kwana biyu."

"Kwana biyu gare mu," in ji Manzo.

Ya yanka buhun wuri huɗu, ba ɗaya ba. Kowane ƙyalle da farantinsa, kowane faranti ya cika ramukansa shida. Na raƙumin ya raba shi da bakin wani siririn gilashi. Ya aika kasuwa aka ɗigo masa jinin wani raƙumi, ya yi faranti na biyar, don a gane ko zomon bai mance aikinsa ba.

Lahadi da hantsi zaren sa ya fito a faranti uku. Na huɗu, mai tabon waje, fayau. Na biyar ma fayau. La'asar haka. Ban ci komai ba ran nan, Manzo ya ci nawa da nasa ya ce kar a yi asara.

Litinin da sassafe muna ƙofar ofis kafin Ibrahim. Daga nan ana jin motar Damagaram tana ɗumama inji. Ya ɗaga na biyar, ga zare. Ya ɗaga na huɗu ya karkata shi a rana, ya ƙura masa ido.

"Ni idona ya tsufa," na ce. "Faɗi."

"Biyu ne. Na sa, mara ƙarfi. Da na raƙumi."

Ya rungumi farantin a ƙirji ya fita da sauri, muna biye. Yahuza na bayan mota da ankwa, da wasu mutum biyu. Kwamanda ya duba zaren, ya saurari Ibrahim da Faransanci, sannan ya juyo ga Manzo.

"Yahuza na da raƙumi?"

"Ko jaki ba shi da shi, ranka ya daɗe. A ka yake ɗaukar nama."

Kwamanda ya buga jikin motar da hannu ya ce a sauko da mahaucin. Bai kwance masa ankwa ba.

Talata, mako ɗaya cif, aka taru a bakin rijiya. Maigari a kan buzunsa, Kwamanda a tsaye, Yahuza a zaune a ƙasa, Jika ma an kira shi. Idi ya zo hannu wofi, Ila ya zo da tsohonsa, Dodo ya zo a ƙasa yana jan Ƴar Fara, da sirdi da bargo. Har yanzu bai tafi Ollelewa ba.

Manzo ya faɗi yadda aka gurfanar da Goje aka feɗe shi ta baya. Ibrahim ya zagaya da farantin, ya ce buhun ya goga jikin raƙumi mai ciwo. Ni ba a tambaye ni ba, sai na ce ma Asibi, "Yaya ƙafar maigida?" Ta sunkuyar da kai.

Kwamanda ya ce a sauke sirdi. Ila ya sauke nasa, ba komai sai ƙashi da fata.

"Ni ba za a tuɓe mini dabba a gaban mata ba," in ji Dodo. "Yaya, kana zaune ake yi mini haka?"

Maigari ya dubi hannuwan matan da ke tsaye, duk mun naɗe su da tsumma. Ya tashi da kansa, ya kwance majanyin sirdi, ya ja bargon.

Wari ya fara isowa. A haƙarƙarin Ƴar Fara na hagu rami ne mai zurfi, ya kumbura ya yi baƙi, ga maganina ya bushe a gefe. Manzo ya sa yatsa biyu ya zaro zaren buhu daga bakin mikin, ya ajiye a tafin Kwamanda.

"Wannan sukan ƙaho ne," in ji Jika. Ba wanda ya fi shi sani.

Ibrahim ya tsuguna ya latsa gefen wurin, raƙumar ta yi kuka. Ya ce, "An rufe shi da bargo cikin zafin nan. Ya ruɓe ta ciki."

Dodo bai dubi Kwamanda ba, bai dubi yayansa ba. Ya ce, "Likita, za ta tashi?"

"In an buɗe an wanke yau, wataƙila."

Sai ya zauna a ƙasa ya faɗi duka. Asabar da tsakar rana ya kawo ta shan ruwa ba kowa a rijiya, Goje ya fizge turke ya soke ta. Ya maida shi ya ɗaure, ya yi shiru, don ya san gari ba zai taɓa san rijiya saboda raƙumar mutum ɗaya ba. Kwana biyu yana kallonta tana nishi, ran na uku ya kwance igiya. Naman yana rumbun gonarsa ta daji, ya shanya shi, ko tsoka ɗaya bai iya ci ba. Buhun kuwa, shi ya cusa shi a dangar Yahuza, ya ce ai Yahuza ne ya riga ya faɗa da bakinsa.

"Da bakina na faɗa," in ji Yahuza, "kai ka yi da hannu, ƴaƴana za su biya."

Kwamanda ya kwance ankwar daga hannun Yahuza ya maida a na Dodo. Da za a sa Dodo a mota ya tsaya gabana ya ce, "Inna Kulu, kar a sa mata bargo."

Ibrahim ya tsaga ya wanke, ni na yi sauran. Wata biyu ina shafa mata, ludayi bayan ludayi, har naman ya cike. Maigari ya ce tun da ƙanensa ya raba gari da sa, raƙumarsa za ta ja wasaki. Shekara shida ta yi tana ja, kowane gida da ranar da yake kai mata dusa. Da Dodo ya dawo daga kurkuku shi ke jan akalarta, ba wanda ya sa shi.

Ta tsufa a kan aikin, haƙarƙari duk a waje. Wata rana a bakin rijiya na ga Yahuza ya dafa ƙugunta, ya buɗe baki. Ya dube ni. Ya ce, "Sannu da aiki, Ƴar Fara," ya ɗauki tulun Balki ya wuce.